HUTUN HUNTURU: MALAMAN ƘASAR KAURU TSAKANIN MASUSSUKA DA NEMAN ƘARIN ILMI

Da zarar watan Disamba ya raba tsakiya, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa, hazo kuma ya lulluɓe duwatsun Kauru da na Chawai, sai a ga yara suna fitowa daga makarantu da katin sakamakon jarrabawa a hannu, suna tsalle suna murna an ba da hutu. Hedimasta ya kulle ofis, ya sa a shigar da ƙarfen da ake bugawa kowace safiya. Daga ranar har zuwa farkon watan Janairu babu mai sake jin muryar yara a filin makaranta, sai awaki da ke kiwo a gindin mangwaro.

Jama'a da dama sun ɗauka malamin makaranta shi ne ɗan gatan ma'aikata, tun da yana samun hutu sau uku a shekara, ga kuma Asabar da Lahadi. Amma wanda ya zauna da malaman ƙauye ya san hutun nan suna ne kawai. Cikin mako ukun nan ko abin da ya yi kusa da haka, abubuwa uku ne ke jan malami, kowanne ta nasa gefen. Akwai gona, gama a lokacin ne ake yankan dawa, ana sussukar shinkafa, ana tonon citta a sassan kudu, kuma abin da ya shiga rumbu shi ke tallafa wa albashi har damina ta zagayo. Akwai zumunci, domin lokacin Kirsimeti ne da sabuwar shekara da bukukuwan aure, 'yan uwa na nesa duk sun dawo gida. Na ukun kuwa shi ne karatu: ko dai zaman lacca na masu ƙaro ilmi lokacin hutu, ko jarrabawa, ko taron bita da aka kira a Kaduna ko Zariya ko Kafanchan.

Na ukun nan shi ne mafi wuya, shi ne kuma wanda aikin malami ya rataya a kansa a yau. Shekarun baya-bayan nan sun nuna wa malaman Jihar Kaduna cewa wanda ya tsaya a kan ilmin da ya fito da shi daga kwaleji, wata rana yana iya wayar gari babu aikin.

ƘASA MAI DUWATSU DA HARSUNA

Ƙaramar Hukumar Kauru tana gabashin Jihar Kaduna ne, tana iyaka da Lere da Kubau da Kajuru da Zangon Kataf, har ta taɓo Jihar Filato. Ƙasa ce mai faɗi, mai duwatsu da rafuka da fadamu, garuruwanta kuwa a warwatse suke: Kauru, Geshere, Damakasuwa, Kwassam, Bital, Makami, Dawaki, Pari, Kamaru da Badurum, kowanne da ƙauyukansa. Ban da Hausawa da Fulani, akwai Chawai da Kurama da Rumaya da Ruruma da Binawa da Surubu da Kono da sauransu, kowace al'umma da harshenta.

Wannan ya sa aikin malamin aji ɗaya a ƙasar ya fi ƙarfin abin da aka koya masa a littafi. Yaro yakan zo makaranta da harshen gidansu, malami ya tarbe shi da Hausa domin ita ce harshen kasuwa da kowa ke ji, littafin da ke hannunsu kuwa da Turanci aka rubuta shi. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta shekarar 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yaɗuwa a yankin. A shekarar 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa dukan shekaru shida na firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye shi, ta ce a koma ga Turanci. Duk lokacin da aka yi irin wannan sauyi a Abuja, a kan malamin ƙauye yake sauka, shi ne zai tsaya gaban yara ranar Litinin ya aiwatar da shi. Idan ba a kira shi an nuna masa yadda zai yi ba, to, sai ya ci gaba da abin da ya saba.

Fita daga ƙasar ma wani aiki ne. Mutanen arewacin ƙaramar hukumar sukan fito ta Pambeguwa ne su hau babban titi, daga nan mai zuwa Zariya ya yi Zariya, mai zuwa Kaduna ya yi Kaduna. Na ɓangaren Chawai kuwa ya fi musu sauƙi su gangara ta ƙasar Zangon Kataf su nufi Kagoro da Kafanchan. Daga ƙauyuka da yawa sai an hau babur kafin a kai inda mota take, da damina kuma in rafi ya kawo sai a jira ya janye.

TSOHUWAR AL'ADA CE

Tafiya neman ƙarin ilmi ba baƙon abu ba ne ga malaman Arewa. Tun kafin zuwan boko, almajiri kan bar garinsu bayan kaka ya tafi gabas, malami ma kan ɗauki littattafansa ya je ya durƙusa gaban wanda ya fi shi. Lokacin rani, da aikin gona ya ƙare, shi ne lokacin karatu. Da boko ya zo sai ya tarar da wannan ɗabi'a, ya hau kanta.

Kwalejin Katsina da aka buɗe a shekarar 1921 domin horar da malamai aka kafa ta, kuma daga cikinta ne aka sami yawancin shugabannin farko na Jihar Arewa. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya koyar a Makarantar Midil ta Sakkwato. Alhaji Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina kafin ya koma aikin talifi a Zariya, kuma ziyarar da ya kai Ingila a 1943 ita ce ta haifi littafinsa mai suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin Midil ta Bauci aka tura shi Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan a 1945, ya yi shekara guda. Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946, da ya dawo kuma ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. Abin lura a nan shi ne, dukansu sun riga sun daɗe da alli a hannu kafin su tafi, kuma abin da suka gano a can ya canza yadda suke duban aikinsu da ƙasarsu.

A kudancin lardin Zazzau kuwa, makarantun mishan ne suka ɗauki mafi yawan nauyin ilmin zamani, su ne kuma suka horar da malaman farko na yankin. Jirgin ƙasa da ya mai da Kafanchan mahaɗa a shekarar 1927 ya sauƙaƙa wa malamai da ɗalibai zirga-zirga zuwa Kaduna da Jos da kudu shekaru masu yawa. Yanzu da jirgin ya daina wannan hidima, komai ya koma kan mota da babur, kuɗin tafiya kuma ya zama babban abin da malami ke lissafawa kafin ya cika fom ɗin kowace makaranta.

ILMIN FIRAMARE KYAUTA DA ABIN DA YA HAIFAR

Asalin karatun hutu kamar yadda aka san shi a yau yana komawa ne ga shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, wanda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976. An yi tsammanin yara kamar miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun bayyana. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin makaranta ba suka sami tasu, wasu a rumfar zana, wasu a inuwar itace. Malamai suka yi ƙaranci ƙwarai, har ya zama dole a ɗauki waɗanda suka gama firamare kawai, ko waɗanda suka faɗi jarrabawar kwalejin horon malamai, a ba su aji.

Gwamnati ta san ba za ta iya kwashe waɗannan dubban mutane daga ajujuwa ta mai da su kwaleji ba, domin in ta yi haka makarantun za su zama kango. Saboda haka aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, watau NTI, a Kaduna a shekarar 1976, aka tabbatar da ita da Doka ta 7 ta 1978, Malam Hafiz Wali ne kuma shugabanta na farko. Hedkwatarta tana Rigachikun a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Dabarar ita ce a kai wa malami karatu inda yake: a buga masa darussa cikin ƙananan littattafai ya riƙa karantawa a gida, ranar Asabar ya je cibiyar karatu mafi kusa ya sadu da masu koyarwa, lokacin hutu kuma a yi zama mai tsawo a rubuta jarrabawa. Ta wannan hanya malamai masu ɗimbin yawa suka sami takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu ba tare da sun bar ajinsu ba.

Daga baya sai ma'auni ya ɗaga. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ƙudurta cewa takardar NCE ce za ta zama mafi ƙanƙantar shaidar da za a karɓa daga mai son koyarwa, aka kuma daina horon mai daraja ta biyu, kwalejojinsa suka koma makarantun sakandare. A shekarar 1990 NTI ta fara ba da NCE ta karatu daga nesa. Malamin da ya yi shekaru yana taƙama da takardarsa ta da, sai ya ga tilas ya sake ɗaura jaka. Haka kuma Doka ta 31 ta 1993 ta kafa Hukumar Yi wa Malamai Rajista, wadda tun daga 2017 take shirya jarrabawar cancanta a kan kwamfuta kafin ta ba mutum lasisin koyarwa.

YADDA KARATUN HUTU YAKE

Ga malamin Kauru, manyan ƙofofin ƙaro ilmi uku ne. Akwai Kwalejin Ilmi ta Jihar Kaduna, wadda aka kafa a Kafanchan a 1977, daga baya ta koma mazauninta na dindindin a Gidan Waya cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a. Akwai Zariya, inda aka buɗe Kwalejin Horon Manyan Malamai tun 1962, ga kuma Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello wadda ta daɗe tana gudanar da zangon karatu na dogon hutu domin malaman da ke bakin aiki. Sai kuma cibiyoyin karatu na NTI da na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka farfaɗo da ita a 2002.

Tsarin karatun hutu, wanda malamai ke kira sanwic, ba shi da wuyar fahimta. Abin da ɗalibin kullum ke karantawa cikin watanni, shi ake matse wa malami cikin makonni. Lacca takan fara da sassafe ta kai yamma, wani lokaci har Asabar, kuma da yake a guntu-guntu ake yin sa, shekarun karatun sun fi na ɗalibin kullum yawa. Babban zama yakan faɗo ne a dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Gajerun hutu, na Disamba da na Afrilu, a nan ne akan cike abin da ya rage, a rubuta aikin gida, a ga malamin da ke duba kundin bincike, ko a yi jarrabawar da aka ɗage.

A nan ne wahalar take. Dogon hutu yana zuwa ne a tsakiyar marka, daidai lokacin da masara ke neman taki na biyu, shinkafa ke neman cira. Malamin da ya tafi Gidan Waya ko Zariya mako shida ko bakwai, sai ya bar gona a hannun iyali ko ya biya 'yan ƙwadago. Hutun hunturu kuwa lokacin tattara amfani ne, wanda in aka yi sakaci da shi, gobarar daji ko dabbobi ko ɓarayi su riga mai shi. Ga kuɗin makaranta, ga na mota, ga hayar ɗaki ko kuɗin kwana a ɗakin ɗalibai, ga na buga takardu, ga cefanen gida biyu, na can da na nan. Mafi yawan malamai daga albashinsu suke biyan duk wannan, ta hanyar adashi ko rance daga ƙungiyar gama kai ta malamai, ko kuma su sayar da 'yan buhunan masara tun farashi bai tashi ba.

Malamai mata sun fi kowa jin jiki. Duk wanda ya taɓa shiga kwalejin ilmi lokacin karatun hutu ya ga malama da goyo a baya tana rubutu a kan cinya, ko kuma yarinya mai reno zaune a bakin ɗakin lacca tana jijjiga jariri har uwar ta fito. Wadda ba ta sami mai taimako ba, ko maigida bai amince da tafiyar ba, takan haƙura da takardar da take da ita, alhali kuwa a ƙauyuka da yawa ganin malama a aji shi ne ke sa iyaye su bar 'ya'yansu mata su ci gaba da zuwa makaranta.

Duk da haka malamai suna zuwa, domin akwai abin da ake samu. Bisa tsarin aikin gwamnati, mai NCE yakan fara ne a matakin albashi na 7, mai digiri a na 8, kuma inda mai digiri zai iya kaiwa kafin ya yi ritaya ya zarce na mai NCE. Muƙamin hedimasta da na mai duba makarantu su ma sun fi karkata ga wanda ya ƙaro ilmi. Wannan kuwa yana da nasa haɗarin, gama akwai masu zuwa domin takardar kaɗai, su karanta abin da zai sa su ci jarrabawa, su koma aji da koyarwarsu ta jiya.

SHEKARAR DA BA A MANTA BA

Shekarar 2017 ita ce ta nuna wa kowa muhimmancin wannan magana. A shekarar ne gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare na jihar, kimanin 33,000, jarrabawar gwaji da tambayoyin da aka ce na 'yan aji huɗu ne. Aka ba da sanarwar cewa 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 da aka yanke ba, aka sallame su, aka ce za a ɗauki sababbi 25,000. Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, watau NUT, ta ƙi amincewa. Ta ce makin da aka yanke ya wuce abin da aka yi yarjejeniya a kai, ta ce kuma Hukumar Yi wa Malamai Rajista ce ke da hurumin gwada malami. Aka shiga yajin aiki a watan Janairu na 2018, daga baya aka janye. A watan Yuni na 2022 aka sake sallamar wasu 2,357 bayan wata jarrabawar, mafi yawansu saboda ba su zauna mata ba.

Har yau mutane sun rabu biyu a kan wannan al'amari. Masu goyon baya suna cewa ɗan talaka ma ya cancanci malamin da ya san abin da yake koyarwa, kuma takardun amsar da aka nuna wa jama'a sun isa hujja. Masu suka suna cewa da yawa daga cikin waɗanda aka kora sun yi shekaru ba a taɓa kiransu bita ko sau ɗaya ba, kuma da an ba su horo da wa'adi, da an ceci wasunsu. A kudancin jihar akwai ƙarin abin da ake tunawa: a wannan shekarar ce Kwalejin Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna na Kafanchan suka yi watanni a rufe saboda rashin tsaro, watau ƙofar ƙaro ilmi mafi kusa tana kulle a daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Makarantun nesa su suka fi jin raɗaɗin abin. Sabon malamin da aka turo daga birni zuwa ƙauyen da ke bayan dutse, inda babu gidan haya, babu wutar lantarki, bai kuma san harshen mutanen ba, ba kasafai yakan daɗe ba sai ya fara neman canjin wuri. Ɗan ƙasa shi ne mai zama, saboda haka horar da shi ya fi araha a kan neman wanda zai maye gurbinsa.

TARON BITA

Ban da karatun neman takarda, akwai tarurrukan bita na 'yan kwanaki, waɗanda galibi lokacin hutu ake kira. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko, daga ciki kuma akwai kason da aka keɓe domin horon malamai, wanda ke bi ta hannun hukumomin ilmin bai-ɗaya na jihohi. Daga 2006 NTI ta riƙa shirya bita ta ƙasa baki ɗaya ga malaman firamare a kan Turanci da lissafi da kimiyya da zamantakewa. A wannan shekarar ce kuma aka fara shirin SMASE na inganta koyar da lissafi da kimiyya da taimakon ƙasar Japan, kuma Kaduna tana cikin jihohi uku da aka fara gwada shi, tare da Neja da Filato. Daga 2008 shirin ESSPIN na gwamnatin Ingila ya yi shekaru yana aiki da makarantun jihar.

Darasin da ya fi amfani daga waɗannan shirye-shirye shi ne koyarwa da abin da ke kusa. Malamin da ba shi da ɗakin gwaji yana iya koyar da ƙirga da murafen kwalba da tsakuwa, ya koyar da awo da mudu da igiya, ya nuna tsirowar iri da wake a cikin gwangwani. Ana kuma nuna masa yadda zai raba yara ƙungiya-ƙungiya su yi aiki da hannunsu, maimakon ya cika allo da rubutu su kwafa.

Sai dai tsarin yana da rauni. Akan horar da 'yan kaɗan a sama, su horar da na ƙasa da su, su kuma su horar da na ƙasa, kafin abin ya iso ƙauye ya zama kamar kunun da aka yi ta ƙara wa ruwa. Takardar gayyata takan makara a hanya, wani lokaci sai an gama taron labari ke isa makarantar da ke nesa. Malamai kuma sun daɗe suna kukan cewa fuskoki ɗaya ake gani a kowace bita, musamman in akwai kuɗin zama. Bayan an watse kuwa, da wuya wani ya biyo malami aji ya ga ko abin da aka koya masa ya zauna.

BUƊE IDO A GIDA DA WAJE

Akwai wani irin ƙarin ilmi da ba ya bukatar fom, kuma hutun hunturu ne lokacinsa, tun da hanyoyi sun bushe, rafuka sun janye. Malamin da ke koyar da tarihin Nok, da wuya a ce ya taɓa taka ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928, ko ya shiga Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 ya gan su da idonsa. Ga magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan, ga duwatsun Kagoro inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu, ga ganuwar Zariya da dutsen Kufena, ga Gidan Arewa a Kaduna inda Sardauna ya zauna. Malamai goma in suka haɗa kuɗi suka ɗauki mota guda, kwana ɗaya ko biyu ya ishe su, kuma abin da mutum ya gani da idonsa daban yake faɗarsa a gaban yara. Sharaɗi dai shi ne a bincika lafiyar hanya kafin a tashi, a kuma guji tafiyar dare.

Ƙofofin ƙasashen waje ma suna nan, ko da yake ƙanana ne. Tun 1987 Nijeriya take tura ƙwararru, ciki har da malamai, aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da na Karibiyan ƙarƙashin shirin taimakon ƙwararru. Ƙasar Amurka ta daɗe tana gayyatar malaman sakandare horon mako shida ƙarƙashin shirin Fulbright, Japan ma tana ba malaman da suka yi shekara biyar a bakin aiki gurbin horo na shekara ɗaya da rabi. Duka da Turanci ake neman su, kuma galibi mai digiri ake so. Ke nan malamin da bai bi ta Gidan Waya ko Zariya ya ɗaga takardarsa ba, bai kuma saba da kwamfuta ba, ko labarinsu ba zai ji ba.

ABIN DA YA RAGE A YI

A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa malamai alkawura, ciki har da albashi na musamman da alawus ga masu aiki a karkara. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Malamin da zai yi shekara 40 yana koyarwa kuwa, ba zai yiwu ya dogara da abin da ya koya yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ba.

Gyaran da ake bukata ba mai tsada ba ne ƙwarai. Ya kamata a riƙa kai bita kusa da malamai, a tara makarantu biyar ko shida a wuri guda, a Kauru ko Geshere ko Damakasuwa, mai horarwa shi ya yi tafiyar maimakon malamai arba'in. Ya kamata a fitar da jadawalin bita tun farkon zango domin malami ya san yadda zai tsara girbinsa, a kuma ajiye rajista a ofishin ilmi na ƙaramar hukuma mai nuna wanda ya je da wanda bai taɓa zuwa ba. Malamin da ya sami gurbin karatun hutu a fannin da yake koyarwa, ya dace a taimaka masa da wani abu daga kuɗin makaranta, bisa sharaɗin zai dawo ya yi wasu shekaru a makarantar karkara. Kwalejoji kuma su tanadi wurin reno domin malamai masu goyo. Sarakuna da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, waɗanda ke taruwa a ƙarshen kowace shekara, suna iya sa wannan cikin abin da suke tattaunawa, su ɗauki nauyin malami ɗaya ko biyu daga cikin 'ya'yansu.

Su ma malaman akwai nasu. Wanda ya je bita ya dawo, haƙƙi ne a kansa ya tara abokan aikinsa ya nuna musu abin da ya gano. Wanda bai sami zuwa ko'ina ba, yana iya ware sa'a guda kowace rana cikin hutu ya bi littafin ajin da zai koyar, ya warware lissafin da ke ciki da kansa tun yara ba su tambaye shi ba. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi.

Nan da 'yan kwanaki hutu zai ƙare, a sake rataye ƙarfe a gindin mangwaro, yara su dawo da kaushi a ƙafa da leɓe a fashe saboda ɗari, su zauna su zuba wa malam ido. Iyayensu sun sayar da amfanin gona sun ɗinka musu kayan makaranta, sun kuma damƙa su amana. Allah ya ba malamai ikon riƙe wannan amana, ya kuma ba hukuma ikon sauke nata nauyin, amin.